Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, Malamin da Ya Guji Duniya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Halitta.

Ya ku 'yan'uwa, Zamfara ta san Shehu Abdullahi, Baƙadire masanin fiƙihu, domin shekara biyar ya yi a cikinta yana wa'azi tare da yayansa Shehu Usmanu. Da nasara ta samu bayan hijirar 1804, sai ya ga son mulki da dukiya ya shiga zukatan jama'a, ya fita da niyyar Makka. Kanawa suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami kan mulki bisa shari'a, sannan ya komo. Ya rasu a Gwandu a 1829. Mai neman gadonsa ya tsare zuciyarsa ranar da duniya ta zo masa. Allah Ya ƙara masa yarda, amin.