Sauya Gaɓar Kafaɗa: Inda Fannin Ya Dosa da Halin Manomin Aujara



Bahaushe ya daɗe da sanin ciwon ƙashi, har ya rarrabe masa sunaye: karaya, tsagewa, targaɗe da gocewa. Dukkansu maɗori ake kai wa, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da kara da tsumma. Amma kalmar ɗori kanta tana nuna iyakar sana'ar, domin abin da ya rabu ake ɗorawa. Idan kan ƙashin damtse ya mutu ko ya ragargaje, babu abin ɗorawa, sai dai sauyi.

Wannan sauyi ya soma a birnin Faris cikin 1893, sa'ad da likita Jules-Émile Péan ya sa wa wani mai gashin burodi gaɓar ƙarfe da roba, bayan cutar tarin fuka ta cinye masa ƙashi. Shekara biyu ta yi aka cire ta. Sai a shekarun 1950 Charles Neer na birnin New York ya daidaita aikin, yana maye kan ƙashin da ya farfashe da na ƙarfe.

Babban juyi ya zo daga Paul Grammont na Dijon a Faransa cikin 1985. A halitta, kan ƙashin damtse mulmulalle ne, yana zaune cikin gurbi marar zurfi a allon kafaɗa, tsokoki huɗu na riƙe da shi. In jijiyoyinsu suka yage, ko an sa sabon kai hannu ba zai ɗagu ba. Sai Grammont ya birkice tsarin, watau ya kafa ƙwallon a allon kafaɗa, gurbin kuma a damtse, don babbar tsokar saman kafaɗa ta ɗauki aikin ɗagawa. Amurka ta amince da wannan cikin 2003, kuma yau shi ya fi yawa a can, da Ingila da Ostareliya. Galibin masu samunsa tsofaffi ne da gaɓa ta cinye musu.

To, a nan ne lalurar Aujara, a ƙaramar hukumar Jahun, ta sha bamban. Kafaɗar da ke lalacewa a ƙasar Hausa sau da yawa ta matashi ce: wanda ya faɗi daga babur, ko mai amosanin jini, cutar da ke toshe hanyar jini zuwa kan ƙashi har ya mutu. Gaɓar ƙarfe kuwa tana da wa'adi, tana sassautawa, tana cinyewa, kuma ba a ƙera ta don huɗa da garma ba. Dattijon Turai da ya ajiye aiki zai iya lallaɓa ta. Ɗan shekara talatin mai gonar gero da iyali ba shi da wannan sarari. Ga tsada, domin daga ƙetare ake shigo da kayan.

Bugu da ƙari, akwai jinkiri. Kafaɗar da ta goce, in an kai ta asibiti a ranar, likita kan mayar da ita da hannu. In ta yi makonni a ɗaure, nama ya cike gurbin, sai tiyata. Ɗauri mai tsanani kuma kan hana jini gudu har hannu ya ruɓe. Ba raina maɗora ake yi ba, don su ne kusa, kuɗinsu kaɗan, kuma jama'a sun yarda da su. Sai dai hannu ba ya ganin abin da hoto ke nunawa.

Daga Aujara, hanyar majinyaci ita ce babban asibitin Jahun, sa'an nan asibitin Rashid Shekoni a Dutse, daga nan Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe cikin 1959. Ma'aikacin lafiya na karkara da ya shawo kan maɗorin garinsu ya riƙa tura mai gocewar kafaɗa ɗaukar hoto kafin ɗauri, ya rage yawan waɗanda za su isa Dala suna neman gaɓar ƙarfe.