Kallon Dare a Lokacin Hunturu

Idan hunturu ya kankama, sanyin kogin Rima yana kora kowa ɗaki bayan isha'i, duk wanda ya nemi shawarata game da abin da zai kalla da iyalinsa, sai in ce ya fara da fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin ƙissar uwar da ta ƙetare Sahara neman ɗanta wa'azi ce ba a bisa mumbari ba. Masu son raha kuwa, marigayi Ibro ya ishe su, ko da dattawa za su yi tsaki. Fim ɗin Sangaya na samari ne, amma a rage sauti saboda haƙƙin maƙwabta.