Darasi Daga Ƙafar Kwaɗo: Jawabi Ga 'Yan Babban Giji



Duk wanda ya tashi a Babban Giji ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san kukan kwaɗi a daren damina. Muna yara mun sha jifansu a bakin kududdufi, ba mu san akwai masanan da ke ƙarar da rayuwarsu wajen nazarin wannan halitta ba.

A shekarar 2012 masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka suka nuna sirrin tsallen kwaɗo: tsokar ƙafarsa tana fara ɗame jijiyar idon sawu, jijiyar ta tara ƙarfi, sannan ta sake shi lokaci guda, kamar danƙon da muke harbin tsuntsu da shi. Irin wannan hikima Allah ya sanya a ƙafarmu mai ƙasusuwa 26. Tun 1987 masana a Jami'ar Leeds ta Ingila suka gano cewa lanƙwasar tafin ƙafar mutum tana adana kimanin kashi 17 cikin 100 na ƙarfin kowane taku in ana gudu, ta kuma mayar da shi. Da ilimin yadda nauyi ke sauka a tafin ƙafa ake ɗinka wa masu ciwon suga takalman da ke kare su daga gyambon da kan kai ga yanke ƙafa. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a maƙwabtanmu, ga Asibitin Ƙashi na Dala. Masu bukatar wannan ilimi iyayenmu ne da 'yan'uwanmu.

Abin da ya kamata ya taɓa mu shi ne, kwaɗon farko da aka kammala karanta taswirar ƙwayoyin gadonsa, a 2010, tsatsonsa daga Nijeriya aka ɗauko. Kwaɗon namu ne, amma aikin da sunan na wasu ne. A gefe guda, ƙididdigar duniya ta 2023 ta nuna cewa kashi 41 cikin 100 na nau'o'in kwaɗi da danginsu suna fuskantar ƙarewa. Mu ma a nan Kano muna cike kududdufai da shara muna gini a kansu; kwaɗi su rasa gida, ruwan sama ya rasa masauki, sai ya shigo ɗakunanmu.

Saboda haka roƙonmu biyu ne. Na farko, a cikin tallafin karatun da muke tarawa, a ware gurbi ga ɗalibanmu masu nazarin halittu a Jami'ar Bayero, kada ya tsaya ga likitanci da lauya kawai. Na biyu, mu haɗa kai da masu unguwanni a kare magudanan ruwa da sauran kududdufan da suka rage.

Allah ya raya mana zuriya, ya albarkaci wannan gida namu. Wassalamu alaikum.