Girman Rubutu a Shafin Intanet Haƙƙin Mai Karatu Ne

Lokaci ƙalilan ne, don haka ga maganar kai tsaye. Mai karatu ne ya kamata ya yanke girman rubutun da zai karanta a shafin intanet, aikin mai gina shafi kuma shi ne ya tabbata shafin bai wargaje ba idan an ƙara girman. Yadda muke koyar da CSS, harshen tsara kamannin shafi, a azuzuwanmu ya juya wannan tsari, ya ɗora maginin a kan kujerar mai karatu, kuma a nan ne saɓanina da abokan aikina yake.

Da ɗalibi ya tambayi yadda ake ƙara girman abu ko rage shi, amsar da ke bakin kowa ita ce transform: scale. To mu duba abin da umarnin yake yi. A ɗauki akwati mai faɗin fiksel 200 a ba shi scale(2). Ido zai ga faɗin 400, amma burauza tana nan tana lissafa masa gurbin 200, kuma da yake daga tsakiya girman yake tashi, fiksel 100 zai malala dama, 100 hagu, ya hau kan abin da ke maƙwabtaka da shi. A ba shi scale(0.5), sai ya tsuke ya bar fili fayau. Kamar inuwar mutum ce da la'asar, ta yi tsawo amma wurin da ƙafarsa ta taka bai ƙaru ba. Wannan hali shi ya sa umarnin ya dace da maɓallin da ke ɗan kumbura idan an taɓa shi, domin burauza ba ta buƙatar sake jera shafin. Shi kuwa zoom, wanda ya samo asali daga Internet Explorer kuma Firefox ba ta karɓe shi ba sai 2024, yana ture maƙwabta su matsa. Amma dukansu biyu linzaminsu yana hannun magini. Dattijon da ke ƙanƙance ido a kan allon waya ba shi da ta cewa a cikinsu.

Inda ake ba mai karatu haƙƙinsa ko a tauye shi shi ne wajen zaɓen ma'auni, kuma ina so mu daɗe a nan. Kowace babbar burauza tana zuwa da girman rubutu na asali, fiksel 16, kuma a mafi yawansu mutum yana iya canza shi a saituna. Ma'aunin rem yana bin wannan zaɓi sau da ƙafa. Idan magini ya rubuta 1rem, wanda bai taɓa saitinsa ba zai ga 16. Wanda ya ɗaga nasa zuwa 24 zai ga 24, kan labarin da aka ba 2rem kuma ya tashi daga 32 zuwa 48, daidaiton da magini ya so tsakanin kai da jikin labari yana nan daram. Idan kuwa magini ya rubuta 14px, to 14 ɗin ke nan, ko da mai karatu ya nemi 24. An ji buƙatarsa an yi biris da ita, alhali gyaran bai wuce mayar da ma'aunin zuwa rem ba. Ma'aunin vw ya fi wannan muni idan aka ɗora rubutu a kansa shi kaɗai, domin yana bin faɗin allo ne: mutum ya yi ta danna ƙarin girma a kwamfuta, rubutun ya tsaya inda yake.

A waya kuma akwai layin nan da ake kwafa daga shafi zuwa shafi, user-scalable=no, wanda ke hana mutum buɗa allo da yatsu biyu. Hujjar masu sa shi ita ce Safari na iPhone yana zabura ya kusanto da allo idan an taɓa gurbin cike fom. Gaskiya ne, amma yana yin haka ne idan rubutun gurbin bai kai fiksel 16 ba. Maganin ke nan a fili: a ɗaga rubutun zuwa 16. Kamfanin Apple da kansa, tun daga iOS 10 a 2016, ya sa Safari ya daina biyayya ga wannan hani. Amma mafi yawan mutanenmu Android suke riƙe da ita, inda hanin yake nan yana aiki, kuma ta waya suke cike fom na jarrabawa, na banki da na neman aiki.

Ba ra'ayina ba ne kawai. Ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C sun tanadi tun 2008 cewa a iya ninka girman rubutu sau biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba. Bugun 2018 ya ƙara cewa shafi ya iya sake jera kansa a faɗin fiksel 320, wato allo mai faɗin 1280 da aka ninka sau huɗu, ba tare da mutum yana jan shafi dama da hagu a kowane layi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani, kuma da an haura shekara arba'in ganin kusa yakan fara ja da baya. Mu masu Hausa muna da ƙarin dalili, domin ƙugiyar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ ita ce ke fara dushewa idan harafi ya ƙanƙance.

Za a ce ai burauza tana iya kusanto da shafi gaba ɗaya ko da px aka yi shi. Tana iyawa, amma mai danna ƙarin girma sai ya yi ta maimaitawa a kowane sabon dandali, alhali saitin girman rubutu sau ɗaya ake yin sa. Za a kuma ce ƙarin girma yana ɓata zane. Zanen da ya rushe don an ninka rubutunsa tun farko ba a gina shi da kyau ba, kuma tun 2010 mai zana shafukan intanet Ethan Marcotte ya bayyana yadda ake gina shafi mai bin faɗin allo.

Shawarwarina uku ne, kuma na daɗe a kansu. A manhajarmu a koyar da rem kafin px, a mayar da scale darasin motsi da ado inda ya dace. Kada a ba aikin ɗalibi maki sai an ninka girmansa sau biyu a gaban malami, an kuma gwada shi a ƙaramar waya. Hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa a Najeriya kuma ta sa wannan gwaji cikin sharuɗɗan karɓar duk shafin gwamnati daga hannun ɗan kwangila, domin dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a 2019 ba za ta cika ba muddin mai raunin gani bai iya karanta fom ɗin hukuma ba.