Kwana Uku a Shekem

Yau za mu duba Littafin Sarakuna na Fari, sura 12, daga aya 1 zuwa 24. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a ba wani yaro ya karanta wa dukan gida.

Sarki Sulemanu ya rasu bayan shekara 40 yana sarauta. Ya bar Haikali, ya bar fāda da zinariya, ya kuma bar jama'a a gajiye. Sura 5 ta nuna mana ya ɗebi mutum 30,000 domin aikin tilas a Lebanon, ana tura 10,000 kowane wata. Mutum ya yi wata ɗaya can, wata biyu a gida. Mu a nan ba sai an fassara mana wannan ba. Kakanninmu sun san haraji, sun san dakon kayan Bature a ka. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi magidanta zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, wasu ba su komo gida ba.

To, da Isra'ilawa suka taru a Shekem domin naɗa Rehobowam ɗan Sulemanu, ba da makami suka zo ba. Roƙo suka kawo: a rage musu nauyin kaya, su kuwa za su bauta masa. Ya ce su ba shi kwana uku.

Ya fara da dattawan da suka yi wa mahaifinsa aiki. Suka ce ya zama bawan jama'a a wannan rana, ya amsa musu da magana mai daɗi, za su zama nasa har abada. Shawarar ba ta kwanta masa ba. Sai ya juya wurin abokan da suka tashi tare. Su kuwa suka ce ya nuna wa mutanen ko ƙaramin yatsansa ya fi ƙugun ubansa kauri, in uban ya yi horo da bulala, shi da kunamai zai yi.

Mun sha jin ana wa'azi da wannan wuri domin a tsawata wa matasa. A yi hankali. Sura 14 ta ce Rehobowam yana da shekara 41 sa'ad da ya ci sarauta, tsaransa kuwa ba yara ba ne. Damuwarsu ita ce a fāda suka girma, ba wanda ya taɓa ɗaukar gungumen itace a Lebanon. Akwai mai furfura da ke ba da shawarar kunama, akwai kuma 'yar zumunta mai shekara 20 da ke faɗin gaskiya. Abin tambaya shi ne, mai ba mu shawara ya san nauyin da ke wuyan mutane? Yana iya ce mana a'a?

Wani abu kuma. Cikin kwana ukun nan ba mu karanta cewa Rehobowam ya nemi fuskar Ubangiji ba, shi da mahaifinsa ya roƙi zuciya mai ganewa a Gibeyon. Gaskiya ne aya 15 ta ce al'amarin daga wurin Ubangiji ne, domin a cika maganar annabi Ahija saboda bautar gumakan da Sulemanu ya yi. Amma wannan bai wanke Rehobowam ba. Da bakinsa ya yi gatsalin.

Kabila goma suka juya masa baya. Sai ya aiki Adoniram, shugaban aikin tilas ɗin nan, ya je wurinsu. Cikin dukan mutanen fāda, a rasa wanda za a aika sai shi! Suka jajjefe shi ya mutu, sarki ya hau karusa da sauri ya gudu Urushalima.

'Yan'uwa, mun daɗe muna karanta labarin nan muna ganin kanmu cikin taron Shekem, kuma da dalili. Shekaru da yawa kabilunmu suna kuka a ba su sarakunansu. An ga abin da ya faru a Kafanchan a 1987 da 1999, da Zangon Kataf a 1992. Iyalai, na Kirista da na Musulmi, sun binne 'ya'yansu. A 1995 Atyap da Bajju suka sami masarautunsu, a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi kuma aka ƙara wasu. Yanzu fa da yawa cikinmu muna zaune a kujerar Rehobowam: hakimi, dagaci, kansila, fasto, dattijon ikilisiya, shugabar zumuntar mata, maigida. Gwauruwa ta zo kan maganar gonar mijinta, me muka ce mata? Membobi sun ce gudummawar gini ta yi yawa a shekarar da taki ya yi tsada, mun rage, ko mun karanta sunayensu a gaban jama'a? Mun san ƙauyen da majami'a ɗaya ta zama biyu, suna kallon juna a tsallaken hanya, ba a kan koyarwa ba, a kan zaɓen dattawa. Baƙon da ke zaune a ƙasarmu kuma, makiyayi ko ɗan kasuwa, in ya kawo ƙara, yana samun kunne irin wanda muka nema wa kanmu?

Labarin bai ƙare a gudun sarki ba. Rehobowam ya tara mayaƙa 180,000 daga Yahuza da Biliyaminu domin ya komo da mulkin da ƙarfi. Allah ya aiko Shemaiya ya ce kada su yaƙi 'yan'uwansu, kowa ya koma gida. A wannan karo suka ji, suka koma. Mulkin bai sāke haɗuwa ba, amma a ranar ba a zubar da jini ba.

A watan Maris 2016 wakilan al'ummai 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Kachia, Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Shekarar ba ta ƙare ba aka sāke kashe mutane a Godogodo da Goska. Wasu suka ce to ina amfanin zaman? Mu dai ba za mu rena shi ba. Shemaiya ma bai hana yaƙe-yaƙen da suka biyo baya tsakanin Rehobowam da Yerobowam ba, duk da haka mutum 180,000 sun kwana a gidajensu saboda an saurare shi.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu bi Yerobowam zuwa Betel da Dan, mu ga abin da mai kukan zalunci ya yi da sarauta sa'ad da ta zo hannunsa. A karanta daga aya 25 zuwa 33 kafin lokacin. Ubangiji ya tsare ku, ku gai da mutanen gida.