Turancin Ciniki da Inda Magana Take Ɗaure Mai Ita



Wani zai yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi magana a kan koyon Turanci. Dalilina shi ne, yawancin masu koyar da Turancin kasuwanci suna ɗaukar ɗalibinsu tamkar wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Alhali kuwa Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma fatakenmu sun yi ƙarnuka suna kai kaya Gwanja suna ɗauko goro. Wani masani, Abner Cohen, ya nuna a littafinsa na 1969 yadda Hausawan unguwar Sabo ta Badun suke cinikin shanu na kuɗi masu yawa bashi, ba takarda, sai amana da lamunin maigida. Saboda haka Bahaushe ba ya neman a koya masa ciniki. Abin da yake bukata ya sani shi ne inda magana take ɗaure mai ita a Turanci, domin ba wuri ɗaya take ɗaurewa da Hausa ba.

Mu fara da tayi. A kasuwarmu mai saye yakan taya, mai kaya ya ce "albarka", a ƙara, a sake cewa "albarka", har a kai ga "na sallama". Kafin sallama ƙofa a buɗe take, kuma wanda ya yi tayi ƙasa bai yi laifi ba in ya dawo kan kuɗin farko. A dokar ciniki ta Ingila, wadda Nijeriya ta gada, abin ba haka yake ba. A shekarar 1840 an yi wata shari'a tsakanin Hyde da Wrench. Wrench ya sa wa gonarsa fam 1,000, Hyde ya taya fam 950, mai gona ya ƙi. Daga baya Hyde ya ce ya yarda da fam 1,000 ɗin, sai kotu ta ce babu sauran ciniki, domin tayinsa ya riga ya kashe farashin da aka ba shi. Ke nan ma'aikacin da ya amsa wasiƙar kamfani da sabon farashi, yana zaton taɓa ruwa kawai yake yi, ya saki abin da ke hannunsa bai sani ba. Da ya iya rubuta tambaya, wato ko akwai halin ragi, maimakon ya yanka nasa kuɗin, da tayin farko yana nan da ransa. Bambancin jimlolin biyu kaɗan ne a ido, amma a gaban alƙali babba ne.

Abu na biyu shi ne kalmomin da 'yan kasuwar duniya suka riga suka yanke wa ma'ana. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke birnin Paris ta fara buga ƙa'idodin da ake kira Incoterms a 1936, kuma bugun 2020 yana ɗauke da ƙa'idodi 11. Alal misali, idan aka rubuta FOB, nauyin mai sayarwa ya sauka da zarar kaya sun hau jirgin ruwa a tashar ƙasarsa. Idan aka rubuta CIF, shi zai biya kuɗin jirgi da inshora har tashar mai saye. A nan ne da yawa suke tuntuɓe, domin suna zaton tun da shi ya biya kuɗin jirgi, shi ne da asara in kaya sun lalace a teku. A'a, ko a CIF ɗin ma asara tana komawa wuyan mai saye tun daga lokacin da aka yi lodi, sai dai ya bi kamfanin inshora. Haruffa uku ne kacal, amma suna iya cinye jarin mutum.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin yake ci. A tsakanin 1974 da 1975 hukumomin Nijeriya sun yi odar siminti wajen tan miliyan 20, abin da ya fi ƙarfin tashar Ikko nesa ba kusa ba. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku suna jiran sauke kaya. A cikin takardun yarjejeniyar akwai kalmar "demurrage", wato tarar da ake biyan mai jirgi a kan kowace ranar da aka tsare shi fiye da ƙa'ida. Kullum rana ta fito kuɗin yana hawa, simintin kuma yana daskarewa. Da Babban Bankin Nijeriya ya ƙi biyan wani kamfani mai suna Trendtex, ya kafa hujja da cewa shi hukumar ƙasa ce mai 'yanci, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ƙi karɓar wannan hujja a 1977. Ban ce rashin jin Turanci ne ya haddasa wannan ɓarna ba, akwai rashin tsari, akwai kuma son zuciya. Amma darasin da ke ciki ga ma'aikaci a fili yake: duk kalmar da ya sa hannu a ƙarƙashinta bashi ce a kan jama'a. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Har ila yau, kalma mai sauƙi ta fi mai wuya haɗari, domin ba wanda yake tsayawa ya tambayi ma'anarta. A 1960 wata kotu a New York ta zauna a kan tambaya guda: mece ce kaza? Wani kamfanin Suwizalan ya sayi kaji daga wani kamfanin Amurka. Yawancin saƙonninsu da Jamusanci suka yi, amma suka yi amfani da kalmar Turanci "chicken". Mai saye yana nufin 'yan matasan kaji na gashi, sai aka aiko masa da tsofaffi na dahuwa. Ya kai ƙara, bai ci nasara ba, domin ya kasa tabbatar da cewa ma'anar da ke ransa ita ce ke cikin takarda. Haka kuma tan iri uku ne: na Ingila kilo 1,016, na Amurka kilo 907, na awon zamani kilo 1,000. Kwanan wata ma haka: abin da Ba'ingile zai karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke zai karanta shi 4 ga Maris, in an rubuta shi da lambobi zalla.

Yanzu sai mu juya ga hulɗa, domin ciniki ɗaya ba ya yin kasuwa. Kowane harshe yana da hanyar ƙin abu ba tare da an ci fuska ba. Mu muna cewa "sai na duba", ko "bari mu gani", kowa ya san inda aka dosa. Turawan Ingila ma suna da tasu. Ina karatu a waje, na taɓa kai wa malamina wani babi, ya ce da ni abin yana da ban sha'awa. Na fita ina murna, sai bayan mako guda na gane nufinsa a sake rubutawa. Ta ɗaya gefen kuma, kalmar "to" tana jawo mana rigima. Bahaushe yakan ce "to" yana nufin ya ji, amma in ya mai da ita "yes" a teburin shawara, abokin cinikinsa zai rubuta cewa ya yarda. Gobe in ya ce bai yarda ba, sai a ɗauke shi mai magana biyu, alhali kara ya yi.

Kunya da kara ado ne a gida, amma a wurin ƙulla yarjejeniya wanda ya ji nauyin cewa "ban gane ba, a maimaita" shi zai kwana a ciki. Matambayi ba ya ɓata. Gaisuwarmu kuwa jari ce, kada mu yar da ita. Sai dai a san gwargwado: Bature yakan taƙaita gaisuwa ya shiga magana, ba don raini ba, yakan kuma auna mutum da cika alkawarin lokaci da saurin amsa wasiƙa. A tuna kuma, ɗan Kantin Kwari da ya je Guangzhou ko Dubai, da wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne zai yi ciniki. A irin wannan wuri gajeriyar jimla bayyananniya ta fi kwalliyar lafazi amfani.

Daga ƙarshe, ga shawarata ga mai koyo. Na farko, ya ajiye littafi na musamman, duk kalmar ciniki da ya tsinta ya rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki, domin kalma ita kaɗai ba ta nuna nauyinta. Na biyu, ya riƙa karanta takardun ciniki na gaske, kamar rasiɗai da takardun lodi da na lamunin banki, ba littafin makaranta kaɗai ba. Na uku, bayan kowane zama ya aika da taƙaitacciyar wasiƙa a ranar, ya jera abin da aka amince da abin da ya saura, da lambobi da kwanan wata a rubuce da sunan watan. Na huɗu, kada ya sa hannu a kan abin da lauya bai gani ba in kuɗin mai yawa ne.

Na biyar shi ne ma'aunin da nake ba ɗalibaina. Duk sharaɗin da ke cikin takarda, mutum ya gwada bayyana shi da Hausa ga wani dattijon ɗan kasuwa: wa zai biya, nawa, yaushe, in kuma an saɓa wa zai ɗauki asara. In dattijon ya gane har ya yi tambaya, to mai bayani ya fahimci Turancin. In kuwa ya tsinci kansa yana maimaita kalmar Turanci domin ya rasa abin da zai faɗa, to ya ajiye alƙalami tukuna. Wannan aiki ne kuma a kanmu malaman Hausa, mu zauna da 'yan kasuwa da lauyoyi mu daidaita waɗannan kalmomi cikin harshenmu.