HAYAR SHAGO: A RUBUTA HAƘƘIN KOWA TUN KAFIN A KARƁI MAKULLI

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan'uwa masanin harkar gine-gine ya gabatar ga matasa 'yan kasuwa.

Bayan yabo da salati, mai jawabin ya soma da cewa, akasarin 'yan'uwa idan za su kama hayar shago abu biyu kawai suke tambayar dillali: nawa ne a shekara, kuma yaushe za a ba da makulli. Babu mai tambayar wa zai yashe kwata, wa zai sauya tsofaffin wayoyin wuta, ina za a girke janareto. Ya ce daga wannan shirun ne ɓarna take farawa.

Ya kawo misali da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Kano a watan Agustan 2022, ta jiƙa dilolin atamfa da shadda, inda aka ɗora laifin a kan toshewar magudanan ruwa da gine-ginen da aka yi a kansu. Sannan ya tunatar da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta shekarar 2016, wadda ta cinye dubban shaguna. Ya ce a irin wannan rana ɗan haya yakan rasa jarinsa, mai gini ya rasa gininsa, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Da ya juya kan batun wuta, ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareto yake cin ribar ƙaramin ɗan kasuwa, ga hayaƙi, ga ƙara. To me ya hana a sa sola? Mai gini ba zai sa ba, don ba shi yake sayen mai ba. Ɗan haya ba zai sa ba, don yana tsoron a ba shi notis baɗi ya bar wa wani guminsa. Haka za su zauna, kowa yana jiran kowa.

Maganin, in ji shi, shi ne a rubuta. Idan mai gini ne ya sa solar, a faɗi abin da zai ƙaru a kuɗin haya, kuma kada ƙarin ya kai abin da ake kashewa a mai. Idan ɗan haya ne ya sa, a ba shi shekaru sanannu, a kuma rubuta cewa zai kwance kayansa ko a biya shi ranar tashi. Kowane shago da mitarsa. Kwata da wayoyin cikin bango na mai gini, shara da leda na ɗan haya.

Ya ƙara da cewa, a Ingila har doka ta shiga maganar. Daga watan Afrilun 2018 aka hana ba da sabuwar hayar ginin kasuwanci da ya gaza matakin E a takardar auna tsimin makamashi, a 2023 kuma dokar ta haɗa da tsofaffin haya.

Daga ƙarshe ya ja hankalin 'yan'uwa cewa haya aƙadi ce, shago amana ne a hannun ɗan haya, cutar da maƙwabci da hayaƙi ko ƙazamin ruwa kuwa abin tambaya ne ranar gobe. Ya ce kada kunya ta hana mutum neman takarda da shaidu biyu, ko da mai ginin kawunsa ne. Aka yi addu'a aka tashi.